Jagora ga Masu Ɗaukar Ma'aikata a Dutse da Kewaye: Yadda Za a Yarda da Kai

In ka liƙa sanarwar ɗaukar aiki a Dutse, ko ka sake ta a WhatsApp, tambayar farko da matasa za su yi wa juna a majalisa ba ta albashi ba ce. Cewa za su yi, "Wa ke da hanya a wurin?" Mai nema ya riga ya ƙudurta a ransa cewa an gama rabon guraben tun kafin a buga takardar, abin da ya saura cika ƙa'ida ne kawai. A kan wannan zato za ka fara aiki, ko kai mai makarantar kuɗi ne a Takur, ko mai asibiti a titin Kiyawa, ko manajan injin shinkafa a Birnin Kudu, ko sakataren kwamitin ɗaukar aiki a wata hukuma. Ba ka yi wa kowa komai ba tukuna, amma bashin waɗanda suka gabace ka yana kanka.

Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Ranar 15 ga Maris 2014 hukumar shige da fice ta tara dubban ɗaruruwan matasa a filayen wasa na ƙasar nan saboda guraben da ba su kai 5,000 ba, bayan an karɓi naira 1,000 a hannun kowannensu, kuma fiye da mutum 10 suka rasu a turmutsitsi. A 2023 kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Yusuf Gagdi ya binciki cinikin guraben aiki a hukumomin tarayya, har wani da ya yi aiki a hukumar tabbatar da daidaito wajen ɗaukar ma'aikata ya amsa da bakinsa cewa ya karɓi kuɗin masu nema. 'Yan N-Power, shirin da aka soma a 2016, da yawansu sun yi watanni suna bin bashin alawus kafin a dakatar da shirin a Oktoban 2023. Yaron da ke gabanka da fayil a hammata ya san duk wannan, in bai sani ba yayansa ya ba shi labari.

Kana iya cewa, to me ya dame ni, tunda masu nema sun ninka guraben? Jami'ar Tarayya ta Dutse da aka kafa a 2011, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse, da kwalejin ilimi ta Gumel, duk shekara yaye ɗalibai suke yi. Gaskiya ne. Amma kasuwar biyu ce. Gurbin akawu ko mai karɓar baƙi, ka sanar da safe, kafin la'asar takardu sun cika tebur. Ungozoma mai lasisi kuwa, ko malamin lissafi da ya iya koyarwa, ko makanikin da ya san injin gyaran shinkafa ciki da waje, su ne ke zaɓar ka. Malamar jinyar da ta fito daga makarantar koyon jinya ta Birnin Kudu tana da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a garin, tana da asibitin koyarwa na Rasheed Shekoni a Dutse, ga ƙungiyar likitocin MSF da ke sashen haihuwa na asibitin Jahun tun 2008, ga Kano kusa, ga masu kwasar ma'aikatan lafiya zuwa Saudiyya da Ingila. Irin waɗannan ba sa ɓata lokacinsu a inda suke zargin wasa. Mai ƙwarewa shi ne na farko da yake janyewa, wanda ba shi da zaɓi shi ke tsayawa a layi. Ashe rashin yarda ba masu nema yake rage maka ba, nagartattun cikinsu yake kore maka.

Sanarwa

Kafin ka rubuta komai, zauna da mai wurin ku daddale abu uku: gurbi nawa ne, nawa za a biya, yaushe za a fara aiki. In ɗaya daga ciki bai tabbata ba, kada ka sanar. Yawancin alkawuran da ake saɓawa tun a nan ake haifar su, lokacin da aka ce "a dai tara takardu mu gani."

Sanarwar ta faɗi sunan wurin da adireshin da mutum zai iya takowa ya gani da idonsa, da sunan ofishin da ke da alhakin lamarin, da lambar waya ɗaya wadda ake ɗauka. Ta faɗi adadin gurabe da lamba. Ta faɗi inda aikin yake a zahiri: in reshen Gwaram ne ko wani ƙauye a Miga, a rubuta haka, kada a ce Dutse sai bayan mutum ya karɓi takarda. Ta faɗi ranar rufewa, da ranar fitar da sunaye, da ranar ganawa. Ranakun nan su ne jarinka, domin su ne alkawarin farko da kowa zai iya auna ka da shi ba tare da ya san ka ba. Saboda haka ka sa ranakun da ka tabbata za ka iya cikawa, ko da sun yi nisa.

Sai albashi. Mutanenmu na jin nauyin rubuta shi, sai a ce "albashi mai tsoka" ko "za a daidaita." Mai nema fassara ɗaya yake yi wa wannan: kuɗin kaɗan ne. Rubuta shi, ko ka ba da tsakanin kaza da kaza. Tun Yulin 2024 mafi ƙarancin albashi a doka naira 70,000 ne. Dokar ta ɗauke wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, don haka ƙananan makarantu da shagunan magani da yawa ba ta hau kansu ba, amma mai nema da wannan adadin yake auna ka. In ba za ka kai ba, faɗi abin da za ka iya, ka kuma faɗi abin da ke biye da shi: abincin rana, ɗakin kwana, rangwamen kuɗin makaranta ga 'ya'yan malamai, tashi da wuri. Wanda ya zo bayan ya ga adadin, ya zo da niyyar zama.

A ƙasan sanarwar, da manyan baƙaƙe, da Hausa da Turanci: ba a sayar da fom, ba a biyan ko sisi, ba mu da wakili. Wannan layin ba ado ba ne. Da zarar sanarwa ta fita, akwai masu kwafe ta su sauya lambar waya, su shiga karɓar "na rajista" ta asusun banki. In aka damfari mutum da sunanka, ba ɗan damfarar zai riƙe a zuciya ba, kai zai riƙe. Shi ya sa nake ganin kuɗin sanarwa a Rediyo Jigawa ko Freedom Rediyo Dutse ba asara ba ne: abin da aka ji a rediyo ya fi wuyar jabu, kuma yana kai wa iyayen da ba sa WhatsApp, waɗanda su ne za su ba 'yarsu izinin zuwa.

Kada kuma ka nemi abin da ba ka buƙata a matakin farko. Takardar neman aiki, taƙaitaccen tarihin karatu da aiki, da kwafin shaidar karatu sun isa. Lambar BVN ba ta da aiki a wurinka sai ranar da za a buɗe wa mutum hanyar albashi. Hoto takwas, takardar asibiti, rantsuwar kotu, duk kuɗi ne daga aljihun wanda ba shi da aiki. A bar su sai an ɗauke shi.

Takardar manya

Nan ne gizo ke saƙar, kuma duk jagorar da ta tsallake wannan ba don Dutse aka rubuta ta ba. Gari ne da kusan kowa ya san kowa. Kafin ranar rufewa za ka sami kira daga ɗan majalisa, da ɗan saƙo daga wani hakimi, da ziyarar surukinka bayan sallar isha'i. Ba duka ne mugun nufi ba. Taimakon na ƙasa da kai wajibi ne a tarbiyyarmu, wanda ya ƙi ma zagin sa ake yi. Ba za ka iya hana su kira ba. Abin da za ka iya shi ne ka gina tsarin da zai ba ka amsar da ba rashin kunya a cikinta.

Tsarin kuwa tun kafin sanarwa ake kafa shi. Ku rubuta ma'aunin zaɓe da makin kowane abu, ku sa hannu, a ajiye. Kwamiti ya zama aƙalla mutum uku, ɗaya daga waje: tsohon shugaban makaranta da ya yi ritaya, ko malami daga jami'a, wanda ake jin kunyarsa. In akwai jarrabawar rubutu, a ba kowa lamba, mai duba takarda kada ya ga suna. Kowane ɗan kwamiti ya rubuta makinsa shi kaɗai da biro kafin a tattauna. Wanda ɗan'uwansa ya shigo, ya tashi ya ba da wuri.

Da wannan a hannu, in babba ya kira sai ka ce, "Ranka ya daɗe, na ji, kuma zan tabbatar an kira shi jarrabawa in takardunsa sun cika. Amma makin ba a hannuna yake ba, mu uku ne, kuma ba suna a takardar." Ka girmama shi, ba ka yi masa ƙarya ba, ba ka kuma sayar da gurbin ba. Manya da yawa abin da suke so ke nan, su iya ce wa iyayen yaro "na yi magana."

In kuwa da gaske akwai guraben da aka keɓe, faɗe su a fili. Masana'antar da ta zauna a gonakin wani ƙauye tana da hujjar ba 'yan ƙauyen aikin gadi da dako da shara. Hukumar gwamnati tana da hujjar raba gurabe tsakanin ƙananan hukumomi 27 na jihar, kuma dokar masu buƙata ta musamman da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta nemi hukumomin gwamnati su ba su kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Mutane na haƙuri da rabon da aka bayyana. Wanda ba sa yafewa shi ne a ce gurabe goma ne, su yi ta fafatawa, ashe biyu ne suka rage.

Ranar ganawa

Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, zuwa Dutse daga Gwaram ko Jahun ko Buji da komawa ba ƙaramin abu ba ne ga marar aiki. Wani rance ya ci. Don haka kada ka kira mutum ɗari saboda gurbi biyu. Tace su ta takarda, ka ƙara tacewa da kiran waya na minti biyar, sannan ka gayyaci kaɗan. Ba kowa ƙarfe takwas ba: raba su rukuni-rukuni, wasu da safe, wasu da hantsi. Tanadi inuwa, da benci, da ruwan sha, da wurin alwala, musamman a zafin Afrilu ko cikin azumi. Kauce wa Juma'a. Waɗanda suka zo daga nesa a fara da su don su sami motar komawa. In da hali, ba su kuɗin mota. In babu, faɗa musu tun a saƙon gayyata. Abin da ya fi komai ɓata suna shi ne ɗage ganawa bayan mutane sun iso saboda "Oga ya yi tafiya."

A cikin ɗakin, fara da gabatar da kanku, da bayanin aikin har da wahalarsa: akwai kwanan dare, ajin yara sittin ne, lokacin kaka ba hutu. Tambayoyi iri ɗaya ga kowa. Kuma ka fi ba gwaji muhimmanci a kan surutu. Malami ya koyar na minti goma a gaban yara na gaske. Akawu a ba shi rasitai ya daidaita. Makaniki a kai shi gaban inji. Mun sha ganin wanda Turancinsa ke rawa a gaban kwamiti, amma da ya riƙi alli sai aji ya yi tsit. In aikin da Hausa za a yi shi, kamar na mai wayar da kai a karkara ko mai sayar da magani, me ya sa za a yi ganawar da Turanci zalla? Gwaji yana da wani amfani kuma: wanda ya faɗi ya san dalilin faɗuwarsa, ba sai an gaya masa ba.

Game da mata, a sa mace a kwamiti, a yi ganawa da rana a ofis, ƙofa ba a kulle ba. Kada wani ɗan kwamiti ya ɗauki lambar mai nema ya kira ta da dare da sunan "ƙarin bayani"; wanda ya yi haka a cire shi, kuma a san an cire shi. Tambayar "yaushe za ki yi aure" ko "kina da ciki" ba ta da wuri. Faɗi lokutan aiki da tsarin hutun haihuwa, ka bar ta ta yi shawara da gida. In mijinta ko mahaifinta ya so ya zo ya ga wurin, a yi masa maraba; sau da yawa wannan ziyarar ce ke sa ma'aikaciya ta daɗe.

Waɗanda ba a ɗauka ba

A ce mutum 200 suka nema, ka ɗauki biyar. Sunanka a gari ba a bakin biyar ɗin yake ba, yana bakin 195. Amma su ne ake mantawa. Shiru ake yi musu, su yi ta zuwa bakin ƙofa suna tambayar mai gadi, har wata rana su ga wani ya fara aiki.

Gyaran wannan ba shi da tsada. Ranar da ka yi alkawari, liƙa sakamako a allon sanarwa da lambobin masu nema da makinsu. Tura gajeren saƙo ga kowa: an gode, ba a dace ba wannan karon, an kammala. Waɗanda suka kai matakin ganawa kuwa sun cancanci kira da murya, da jimla ɗaya ta gaskiya: "Malama, koyarwarki ta yi kyau, amma muna neman mai rajistar hukumar malamai ta TRCN, in kin samu ki dawo." In an sami jinkiri, sanar kafin ranar ta wuce, ba bayanta ba. Kada ka ce "za mu neme ka" alhali ka san ba za ku neme shi ba. Mun ɗauki wannan magana a matsayin kara, amma wanda aka faɗa wa yana iya ƙin wani aikin yana jiran ka.

Sai takardunsu. Ba sabon abu ba ne mutum ya sayi ƙosai ko tsire a naɗe masa a kwafin sakamakon jarrabawar wani, da hotonsa da lambar wayarsa. Daga ofis irin naka suke fita. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa duk mai tara bayanan mutane nauyin tsare su. Ware na waɗanda suka yi kusa, da izininsu, don gurbi na gaba; sauran a mayar wa masu su ko a ƙone.

Takardar kama aiki da watan farko

"Ka zo Litinin ka fara" ba ɗaukar aiki ba ne. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata uku su cika. Ta kuma tsara wa'adin sallama: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu har zuwa shekara biyar, wata ɗaya daga nan zuwa sama. Dokar ta fi shafar leburori da ƙananan ma'aikatan ofis, amma ba abin da zai hana ka bi ta ga kowa, kuma kada ka jira wata ukun: ba da takardar kafin ranar farawa. Ta ƙunshi albashi kafin cire-cire da abin da zai shiga hannu, ranar biya, tsawon lokacin gwaji da abin da zai biyo bayansa, lokutan aiki, hutu. In kuna cikin tsarin fansho na dokar 2014, rubuta cewa ma'aikaci na ba da kashi 8, wurin aiki kashi 10, kuma ku riƙa zubawa da gaske, domin yana ganin saƙon a wayarsa. Ba shi kwana biyu ya kai takardar gida a karanta.

Wata al'ada da ya kamata a daina ita ce riƙe takardun karatu na asali a matsayin jingina. Duba su, ɗauki kwafi, mayar masa a take. In aikin na riƙon kuɗi ne ko kaya, mai tsaya masa ya wadatar.

Akwai kuma maganar da masu wuraren kuɗi ba sa son ji. Babban abokin takararka a Jigawa gwamnati ce. Shirin J-Teach da aka fara zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya ɗebi malamai na wucin gadi, gwamnatin Umar Namadi kuma ta mayar da dubbai daga cikinsu na dindindin, ga J-Health da J-Agro a fannin lafiya da noma. Malaminka mafi ƙwazo yana cike fom ɗin nan, ko ya faɗa maka ko bai faɗa ba, saboda fansho da kwanciyar hankali. Rantsar da shi cewa ba zai tafi ba ɓata baki ne, ƙarya kawai za ka koya masa. Gara ku yi magana tun ranar farko: "In gwamnati ta kira ka, ba za mu tare maka hanya ba, har takardar shaida za mu rubuta maka. Abin da muke roƙo, ka ba mu sanarwar wata ɗaya, kuma in zai yiwu ka ƙarasa zangon karatu." Wanda ya tafi ta wannan hanya shi ke turo maka ƙanensa ko abokin karatunsa, kuma ba ya turo ragon da zai kunyata shi.

Albashin watan farko a biya shi ranar da takarda ta ce, cif, ko da mutum ya fara a tsakiyar wata ne a lissafa masa kwanakinsa. In kuɗin makaranta bai shigo ba, ko mai sayen shinkafa bai biya ba, tara ma'aikata kafin ranar, faɗi dalili, faɗi sabuwar rana, kuma a fara biyan masu ƙaramin albashi kafin manya. Ranar da lokacin gwaji ya cika, kira shi ofis ko bai tuna maka ba, ka ba shi ɗaya daga cikin biyu a rubuce: tabbatarwa, ko dalilin ƙara masa lokaci da ranar da za a sake zama.